Injiniya Da Ramukan Motar Surukinsa

Duk layin sun san Injiniya bai taɓa zama ajin koyon injiniyanci ba. Bokiti da kwaɗo da igiyar shanya yake sayarwa a ɗan shagonsa na bakin titi. Sunan ya samo asali ne ranar da ya kwance fankar gidansa zai gyara, ya mayar da ita ta koma hura iska sama, ga kuma kusoshi uku sun yi saura a hannunsa. Maƙwabta suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a ƙofar shago. Mutum ne mai kirki, ba rowa ba faɗa. Aibinsa ɗaya, ba a gama yi masa bayani. Kana buɗe baki zai ce maka, "Na sani."

Surukinsa, wanda kowa ke kira Baba, tsohon direba ne. Yana da wata jif mai jan taya huɗu da ta shekara talatin a hannunsa, da ita yake tsallake rafi da taɓo zuwa gonarsa. Ba ya barin kowa ya taɓa sitiyarinta sai 'yarsa Auta, matar Injiniya, wadda ya koya wa tuƙi tun tana budurwa. Shekara tara Injiniya yana auren Auta, ko hon ɗin motar bai taɓa dannawa ba. Abin nan yana ci masa rai ba kaɗan ba.

Sai yanar ido ta rufe wa Baba gani, likita ya ce aiki za a yi, zai kwana huɗu a asibiti. Baba ya sa Auta ta kawo motar farfajiyar gidansu ta ajiye. Kafin ya tafi ya dafa bonet ya ce, "Ko an gyara idon nan, ni na gaji da tuƙi. In na fito zan duba wanda ya iya riƙon motar nan, in ba shi makulli ya riƙa kai ni gona. Ranar sallama ku zo da ita ku ɗauke ni."

Baba bai ambaci sunan kowa ba, amma Injiniya sunansa ya ji raɗau.

Washegari da safe ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar. Can ya hango wani ɗan jan tabo a jikin shasi, wato manyan ƙarafan nan biyu masu rami a ciki da dukan mota ke zaune a kansu. Tabon bai fi farcen babban yatsa ba. Ya fito a guje kamar wanda ya ga maciji.

"Auta! Tsatsa! Tsatsa tana cin motar Baba!"

Ta leƙo da tawul a kafaɗa. "Wannan ɗan tabon? Baba ya san da shi. Maigida, ajiya aka ba mu, ba gyara ba."

"Ke ba za ki gane ba. Yau tabo, gobe rami, jibi kuna tsakiyar rafi mota ta rabe biyu, Baba ya yi gabas ke ki yi yamma. Kafin ya fito zan yi mata aikin da ko a teku aka jiƙa ta shekara goma, tsatsa sai dai ta gaishe ta ta wuce."

"Akwai wata 'yar waya da Baba yake..."

"Na sani."

Ya nufi garejin bakanike na ƙarshen layi, wai neman shawara. Bakaniken dattijo ne mai magana a hankali. Ya goge hannu ya ce, "Abu ne mai sauƙi. Ka wanke taɓon tas, ka bar ƙarfe ya bushe sosai. Ka kankare tabon da burushin ƙarfe, ka shafa jan fenti. In za ka fesa mai, ɗan kaɗan. Amma abu uku ne ba a..."

"Na sani, na sani. Ni fa baƙin mai kawai na zo ka ba ni, wanda kuka juye daga injina."

"Nawa?"

"Jarka biyu."

Bakanike ya dube shi. "Mota ɗaya ce ko jirgin ƙasa?"

"Kai ai gyara ka iya. Ni rigakafi nake yi."

Da ya dawo ya sake shigewa ƙarƙashi, nan ne ya yi babban ganowarsa. A ƙasan shasin akwai ƙananan ramuka jere, ya ƙirga har goma sha shida. Ya bugi cinya ya yi dariya shi kaɗai. Ya fito ya kira mai wanki, maƙwabcinsu da katanga ɗaya ta raba, don ya samu mai shaida.

"Zo ka ga sakacin masu ƙera mota. Sun yi ƙarfe mai kyau, suka bar masa ƙofofi goma sha shida. Ta ina kake jin ruwa yake shiga?"

Mai wanki ya duƙa ya leƙa. "Ni dai bahon wankina ma yana da rami a ƙasa, amma ta nan ruwa yake fita."

"Baho ka sani. Wannan mota ce."

Ya tattaro duk tsofaffin silifas ɗin gidan, ya yanka su gunduwa-gunduwa, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana cusawa da guduma, yana liƙewa da gam. Da tsofaffin suka ƙare saura rami biyu, ya ɗauko ƙafa ɗaya ta sabon silifas ɗin Auta na banɗaki ya ƙarasa. Sannan ya tuna an ce a wanke taɓo. Ya jona mesa a famfo, ya shiga feshi sama da ƙasa, har ya samu wasu ƙofofi ta saman shasin ya zura mesar ciki ya bar ta tana ta zuba. Ya tsaya yana kallon ƙasa, ko ɗigo bai fito ba.

"Kin gani?" ya ce wa Auta, wadda ta fito tana ɗingishi da silifas ƙafa ɗaya. "Ko ɗigo! Haka ake toshi."

"To ruwan da ka zuba ina ya tafi?"

Ya sake leƙa ƙasan motar. "Ƙarfe yana shanyewa."

Ta jingina da motar tana neman ɗaya ƙafar takalminta. Motar ta ɗan girgiza, sai aka ji ƙulum-ƙulum daga ƙasa, kamar an motsa tulu.

"Mene ne wannan?"

"Fetur ne. Baba ya cika tanki."

Rana ta biyu ranar baƙin mai ce. Ya aro famfon feshi irin na manoma, wanda ake goyawa a baya, ya cika shi ya goya. Ya yi famfo, ya yi famfo, bakin ya ƙi fitar da komai, don man ya yi kauri. Ya juyo bakin yana leƙawa da ido ɗaya, ya sake danna hannun. Bakin ya buɗe.

Da Auta ta fito, haƙoransa da fararen idanunsa kawai ta gane. Ta riƙe ciki ta koma ɗaki, ana jin dariyarta har titi.

"Gwaji ne!" ya ɗaga murya. "Ba a fesa wa mota abin da ba a gwada ba!"

Ya sirka man da kananzir ya yi ruwa-ruwa, ya kwanta ya shiga feshi ba ji ba gani. Ya fesa shasi, ya fesa sifirin, ya fesa bayan tayoyin gaba, har faifan birki da ya gani suna ƙyalli ya ce waɗannan tsirara suke, su tsatsa za ta fara ci, ya ba su kaso biyu. Bai lura iska ta taso ba. Feshin da ke fita ta ɗaya gefen motar yana tashi kamar hayaƙi, yana tsallake katanga. A bayan katangar kuwa fararen zannuwan gado goma sha biyu na wani masauki ne a kan igiya, mai wanki ya wanke su tun safe ya sa bula.

Ihun da aka yi ya sa tattabarun layin tashi. Mai wanki ya shigo riƙe da zani ɗaya, ya koma ɗige-ɗige kamar zabuwa.

"Injiniya! Me na yi maka? Igiyar ma a shagonka na saya!"

Injiniya ya karɓi zanin ya ɗaga shi sama yana dubawa. "Ka san yanzu irin wannan adon ake yayi? Kuma in gaya maka, zanin nan ba zai taɓa yin tsatsa ba."

"Zani yana tsatsa ne?"

"To ka gani, tun yanzu ya fara aiki."

Mai wanki ya fizge zaninsa. Ya naɗe zanin ya sa a hammata. "Ba da kai zan yi ba. Baba zan nuna wa. Da sabon idonsa zai gani."

Wannan maganar ta ɗan taɓa Injiniya. Amma maimakon ya tsaya, sai ya yanke shawarar aikin ya zama gagarumi yadda ba wanda zai tuna da zani.

Rana ta uku ya samo kwalta wajen masu gyaran titi, ya narka ta a babbar tukunyar Auta a tsakar gida. Hayaƙi ya turnuƙe layin, mata suka fara rufe tagogi. Bakanike ya biyo warin har ƙofar gida.

"Injiniya, wace ƙasa kake yi wa titi?"

"Riga nake ɗinka wa motar. Ruwa ba shiga, iska ba shiga."

"Ƙarfen ya bushe?"

"Tun jiya."

"Ka dai bar salansa da birki, ko? Ramukan nan kuma na ƙasa..."

"Na sani! Malam, ka je ka ji da masu faci."

Bakanike ya ɗaga kafaɗa ya juya. Yana tafe yana cewa gobe ko garejin zai rufe, sai ya ga fitar motar nan da idonsa.

Injiniya ya ɗaura tsumma a sanda ya shiga shafe. Bai bar komai ba. Salansa ma, wato bututun fitar hayaƙi, ya yi mata shafi uku, ya ce ita ta fi kusa da taɓo. Kwalta tana ɗiga a kwalin da yake kwance, yana mirginawa a kai bai sani ba. Da ya gama ya yunƙura zai fito, ya ji an riƙe shi. Rigarsa ta manne da kwali, kwali ya manne da siminti, hularsa kuwa ta manne a jikin ƙasan motar.

"Auta! Zo ki ɗan duba wani abu."

Ta duƙa. "Me zan duba?"

"Ƙarfin kwaltar. Ja ƙafata ki gani."

Ta ja, ko motsi. Dole aka kira mai wanki, wanda ya zo da saurin da bai taɓa yi ba. Ya kama ƙafa ɗaya, Auta ta kama ɗaya, mai wanki ya ja da dukan haushin zannuwansa. Aka ji ƙyaaat. Injiniya ya fito daga shi sai singileti, bayan rigar ya zauna a siminti, hular ta zauna a jikin mota.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Abin da ya riƙe ni haka, kuna jin ruwa zai wuce shi?"

Ranar sallama ya yi wanka uku da kananzir da sabulu, amma kunnuwansa da gefen wuyansa suka ƙi. Ya sa fararen kaya, ya miƙa wa Auta hannu. "Makulli."

"Maigida, bari in tuƙa. Birkin nan ban yarda..."

"Yau Baba zai ga wanda ya iya riƙon mota. Ki zauna a gefe ki koya."

Ta ba shi, don ba ta son gardama a gaban mutane, ga shi rabin layin sun fito. Mai wanki ya shige baya da zaninsa a hammata. Bakanike ya hau babur ɗinsa ya biyo su a hankali, ya bar tazara mai yawa. Injiniya ya danna hon sau uku, na shekara tara da ya yi yana jira, zuciyarsa fari ƙal.

Motar ta tashi da nauyi, tana ƙulum-ƙulum a kowace kwana. Ba su yi nisa ba salansa ta yi zafi, kwalta ta fara dahuwa. Wani baƙin hayaƙi ya biyo su, mai kauri, mai wari.

"Wuta!" in ji mai wanki. "Ku sauke ni!"

"Ba wuta ba ce, rigar ce take kama jiki."

Masu babura suka riƙa wuce su suna nuna ƙasan motar. Injiniya yana ɗaga musu hannu yana murmushi, ya ɗauka yabo ne. Wata mai sayar da lemo ta watsa musu ruwan bokitinta, ya shiga ta taga ya sauka a kan fararen kayan. Wasu suka biyo su a ƙafa suna ihu, don motar ba ta fi saurin mai sassarfa ba.

A ƙofar asibiti akwai tudun nan da ake yi don rage gudun motoci, daga shi kuma sai 'yar gangara zuwa barandar da masu jinya ke jira. Injiniya ya taka birki. Birki ya yi wani ɗan kuka, motar ta ci gaba abinta. Ya sake takawa da ƙafa biyu. Ko a jikinta.

Suka hau tudun, suka dira. Ruwan kwana uku da ke cikin shasi ya yi tsalle ya dawo da ƙarfi, sai silifas suka fara fita. Fat! Fat! Fat! Gunduwa ɗaya ta bugi maigadi a ƙauri. Jan ruwa mai tsatsa, gauraye da baƙin mai, ya ɓarke ta ƙasa yana malala a kan simintin asibiti. Motar ta kama gangara tana tafiya a hankali, kai tsaye zuwa baranda, hayaƙi a baya, kogi a ƙasa.

A kan barandar kuwa Baba ne tsaye da jakarsa, an cire masa bandeji ko awa ɗaya ba a yi ba.

"Birki!" in ji Auta.

"Na sani!" Injiniya ya kai hannu ya ja abin da ya samu. Abin goge gilashi ya shiga kaɗawa.

Auta ta ture gwiwarsa, ta kama birkin hannu ta ja a hankali, ta saki kaɗan, ta sake ja, yadda aka koya mata a gangaren rafi. Tayoyin baya suka riƙe. Motar ta ja jiki, ta sumbaci wata tukunyar fure, ta tsaya. Tsakaninta da gwiwar Baba bai kai taku biyu ba. Auta ta kashe injin.

Ruwa yana ta tsiyaya daga ƙasan motar. Ma'aikatan jinya sun fito, masu jiran likita sun miƙe, mutanen da suka biyo hayaƙi sun cika ƙofa. Injiniya ya fito, ya durƙusa. "Baba, sannu da jiki. Ya idon?"

Baba bai dube shi ba. Motar yake kallo, daga bonet har baya. "Shekara shida ban ga motar nan da kyau ba," ya ce. "Ina kwance ina ta ɗokin yau." Ya juya wajen likitan da ya rako shi. "Likita, bandejin nan kun yar ne?"

Dariya ta ɓarke. Mai wanki ya ga dama ta samu, ya warware zaninsa a gaban Baba. Baba ya dube shi ya ce, "Wannan ma ina ganinsa, ɗigo-ɗigo. Aikin likita ya yi kyau."

"Baba, rigakafin tsatsa ne," in ji Injiniya, murya ƙasa-ƙasa. "Na samu ramuka goma sha shida a buɗe, ruwa yana..."

Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar waya mai lanƙwasa a kai, ta sha hannu har tana ƙyalli. Ko asibiti da ita ya zo.

"Ka ga wannan, Malam? Duk ranar da na tsallake rafi, kafin in ci abinci sai na kwanta na bi ramukan nan da ita, na zaƙulo taɓon da ya toshe su, don ruwa ya samu hanyar fita. Shekara talatin. Da idona ya mutu, da lalube nake yi. Shi ya sa tabo ɗaya ka samu, ba ɗari ba. Abin da na yi shekara talatin ina buɗewa, kai ka rufe a wuni ɗaya."

Kunya ta rufe Injiniya, har kunnuwansa masu kwalta suka yi zafi. Baba ya miƙa hannu ta taga ya zare makulli, ya sa a tafin Auta ya rufe da nasa. "Auta, ke za ki riƙa kai ni gona." Sannan ya juyo ya miƙa wa Injiniya wayar. "Kai ma ga naka. Nawa suka fita?"

Bakanike, wanda ya jingine babur yana share hawayen dariya, ya duƙa ya ƙirga. "Bakwai, Baba. Saura tara. Ga wata hula ma a manne."

Baba ya dubi Injiniya. "To motar nan ba ta motsawa sai ta fitar da ruwanta, kai kuma ka wanke mata birki. Malam, bismillah."

Aka kawo wa Baba kujera ya zauna a inuwa. Injiniya ya dubi fararen kayansa, ya dubi taron, ya kwanta ya shige ƙarƙashi. Duk ramin da ya zaƙulo, jan ruwa sai ya sauka a fuskarsa, taron ya ƙirga da ƙarfi. Da aka kai takwas ya fara jan jiki zai fito.

"Ka tsallake ɗaya, Malam," in ji Baba daga kujera. "Can kusa da tayar baya. Daga nan nake hango shi, shuɗi ne."

"Silifas ɗina ne," in ji Auta.

Injiniya ya buɗe baki. "Na sa..." Wani ɗigon baƙin ruwa ya faɗo masa a kan harshe. Ya tofar. Sannan muryarsa ta fito daga ƙarƙashin motar, a hankali.

"Baba, ta hagu ko ta dama?"